Yadda zaka kore magana mai "da", "ko" da "idan" ba tare da ka wuce gona da iri ba

Sallar da ta wuce na kai wa wani tela yadi, muka yi da shi zai ɗinka min riga da wando kafin ranar idi, har yana cewa in sha Allahu ko jajiberi ba za a kai ba. Ranar jajiberin na je, riga ta fito fes har da aiki a wuya, wando kuwa ko almakashi bai gani ba. Na dawo gida ina ta faɗa ina cewa mutumin nan ya saɓa alkawari, sai ƙanina ya ce haba Yaya ai bai saɓa ba tunda ga riga nan, da ya saɓa ai da hannu rabbana zaka dawo. Wallahi kusan rabin awa muka kwashe muna musu, sai daga baya na lura duk rigimar a kan 'yar kalmar nan "da" take, shi yana ganin sai an rasa duka biyun alkawari ya karye, ni kuma ina ganin rasa ɗaya ma ya isa.

Ni ne da gaskiya, kuma ba don na girme shi ba. Akwai ƙa'ida, ita nake so mu bi a hankali, saboda irin wannan musun kullum ana yinsa a majalisa da guruf na WhatsApp da ƙarƙashin rubutun mutane a Facebook, mutum ya tashi zai ƙaryata magana sai ya ƙaryata wata daban wadda ba a faɗa ba, ko ya ɗauko wa kansa kaya mai nauyi alhali ɗan ƙaramin abu kawai ake buƙata ya nuna.

Dabarar gaba ɗaya tambaya ɗaya ce da zaka riƙa yi wa kanka: wane abu ne mafi ƙanƙanta wanda in ya faru maganar nan ta zama ƙarya? Amsar wannan tambayar ita ce korewar maganar. Sauran duk koyon yadda ake amsa ta ne a kan kowace irin mahaɗa.

Fara da kwance maganar

Kafin komai ka tabbatar abin da ke gabanka magana ce da za a iya ce mata gaskiya ko ƙarya. "Ina zaka?" tambaya ce, "rufe ƙofar" umarni ne, waɗannan ba a kore su. Amma "an rufe ƙofar" za ta iya zama gaskiya za ta iya zama ƙarya, toh ita ce abin aikinmu. Magana mai haɗe-haɗe kuwa ita ce wadda aka ɗauko irin waɗannan guda biyu ko fiye aka ɗinke su da "da" ko "kuma" ko "ko" ko "idan". Sai ka warware ɗinkin ka ajiye kowane ƙyalle daban. Alkawarin tela ƙyalle biyu ne, zai ɗinka riga kafin idi, zai ɗinka wando kafin idi, mahaɗarsu kuma "da".

Ka kula ba kowace "da" ce ke haɗa magana biyu ba. In aka ce Audu da Bala sun tafi Zariya, zaka iya raba ta, Audu ya tafi, Bala ya tafi. Amma in aka ce Audu da Bala 'yan'uwa ne, raba ta mu gani, "Audu 'yan'uwa ne" ai ba magana ba ce. Wannan guda ɗaya ce duk da akwai "da" a ciki. Sannan "amma" a wajen wannan lissafin daidai take da "kuma". In na ce wane yana da kuɗi amma marowaci ne, abu biyu na tabbatar, kuɗin da rowar, "amma" ɗin kawai ta nuna abin ya ba ni haushi ne.

Korewa daban, kishiya daban

Nan ne mafi yawan mutane ke fara zamewa. In aka ce shayin nan da zafi, korewarta ita ce shayin nan ba zafi, shikenan, ba wai shayin ya yi sanyi ƙarara ba, don yana iya zama ɗumi-ɗumi. In aka ce motarsa baƙa ce, korewa ita ce ba baƙa ba ce, ko ja ce ko ruwan toka duk korewar ta ɗauke su, amma in ka ce fara ce ka zaɓi launi ɗaya cikin da yawa kuma kana iya yin kuskure kai ma. Malaman mandiƙi na zaure, wato masu ilimin auna magana da hujja, sun daɗe da raba waɗannan biyun, ɗaya suna ce masa naƙili ɗaya liddi. Naƙilai biyu ba sa taruwa kuma ba sa ɗaukewa tare, dole ɗaya gaskiya ɗaya ƙarya. Liddai biyu kamar fari da baƙi su ma ba sa taruwa a wuri ɗaya, amma suna iya ɗaukewa duka, abin ya zama ja. Saboda haka gwajin da zaka yi wa duk korewar da ka ƙera shi ne, shin zai yiwu ita da asalin maganar su zama ƙarya a lokaci guda? In zai yiwu, toh kishiya ka kawo, koma ka sake.

Bari in ɗan ratse, don wasu in sun ji ana irin wannan bayanin sai su ɗauka abin 'yan boko ne kawai. Aristotal na ƙasar Girka shi ya fara tsara fannin a rubuce, malaman Musulunci irin su Farabi da Ibn Sina suka ɗauka suka faɗaɗa, Gazali ma ya yi rubutu a kai. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15 yana cikin masu kare mandiƙi, har musayar baitoci suka yi da Suyuɗi na Masar wanda shi yake ganin a bar fannin. Kuma mai littafin Ahalari ɗin nan da yara ke farawa da shi a fiƙihu, Abdurrahman al-Ahdari mutumin Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne dai ya yi waƙen Sullam a kan mandiƙi da ake karantawa a zaurukanmu. Kaga kenan ba baƙo ba ne a gidan.

Magana mai "da" ko "kuma"

Irin wannan ba ta zama gaskiya sai kowane ƙyalle nata ya zama gaskiya. Guda ɗaya ya faɗi, duka ta faɗi. Toh tunda haka ne mene ne mafi ƙanƙantar abin da zai karya ta? Ɗaya daga ciki ya ƙi. Shi ya sa korewar "ya ɗinka riga kuma ya ɗinka wando" ita ce "bai ɗinka riga ba KO bai ɗinka wando ba". Ka lura da abu biyu da suka faru, kowane ƙyalle an kore shi, sannan "kuma" ta rikiɗe ta koma "ko". Ƙanina ya kore ƙyallayen amma ya bar "kuma" a wurinta, sai ya samu "bai ɗinka riga ba kuma bai ɗinka wando ba", wanda wannan kishiya ce, kuma ga shaida, a ranar jajiberin maganar tela ƙarya ce, maganar ƙanina ita ma ƙarya ce tunda akwai riga, su biyun sun faɗi tare.

Wannan juyawar da tagwaniyarta da za mu gani a kan "ko" su ake kira dokokin De Morgan, sunan wani masanin lissafi ɗan Ingila, Augustus De Morgan, wanda aka haifa a Indiya a 1806, ya fitar da littafinsa na mandiƙi a 1847. Ba shi ya fara gano su ba, masana irin su William na Ockham sun rubuta su da kalmomi tun ƙarni na 14, shi dai ya zo lokacin da ake mayar da fannin lissafi sai sunan ya bi shi.

Ɗauki misalin da duk mai ɗa ko ƙani a sakandare ya sani. Ana cewa shiga jami'a sai da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Sharaɗi uku ne a dunƙule, adadin ya kai biyar, akwai Turanci, akwai Lissafi. In aka ce yarinya ba ta cika sharaɗi ba, kar ka yi saurin cewa ta faɗi jarrabawa warwas, tana iya cin kiredit takwas Lissafi kaɗai ya kayar da ita. "Ba ta cika ba" na nufin ko adadin bai kai ba, ko babu Turanci, ko babu Lissafi, ɗaya ya isa.

In kana ganin wannan wasan yara ne, tuna abin da ya faru bayan zaɓen 2023. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce in 'yan takarar shugaban ƙasa sun wuce biyu, wanda zai ci sai ya fi kowa yawan ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un a kashi biyu cikin uku na jihohi da Abuja. Akwai mahaɗa biyu a nan. Ta farko ba rigima, sharaɗi biyu ne, in ɗaya ya ƙi ba a ci a zagayen farko ba. Ta biyun, wato "da Abuja" ɗin nan, ita ta tara manyan lauyoyi, saboda Tinubu bai kai kashi 25 cikin ɗari a Abuja ba, masu ƙara suka ce "da" ɗin tana kafa sharaɗi na daban ne mai zaman kansa, ɗaya ɓangaren suka ce a'a tana saka Abuja ne cikin jerin jihohin da ake ƙirgawa. Kotun ƙoli a ranar 26 ga Oktoba 2023 ta tafi a kan fahimta ta biyun, cewa Abuja kamar jiha ta 37 take a wannan lissafin. Ba siyasar nake so mu shiga ba, ko wane ɓangare kake, abin lura shi ne kafin ka kore magana mai "da" sai ka san me da me ta haɗa, irin ta Audu da Bala sun tafi ce ko irin ta Audu da Bala 'yan'uwa ne.

Magana mai "ko"

Hausa "ko" ɗaya gare ta amma aikinta ya fi ɗaya. In ka je buɗe asusu aka ce ka zo da katin zaɓe ko fasfo, sai ka zo da duka biyun, ba wanda zai kore ka ya ce ai "ko" muka ce. Wannan "ko" ce mai yarda a haɗa, abin da ta hana kawai shi ne a zo hannu biyu babu ko ɗaya. A littattafan lissafi da wajen masu rubuta manhajar kwamfuta in aka ce "ko" ba tare da ƙarin bayani ba wannan ake nufi. Mafi ƙanƙantar abin da zai karya ta shi ne a rasa duka, saboda haka korewar "ya zo da kati ko fasfo" ita ce "bai zo da kati ba KUMA bai zo da fasfo ba". Ita ce tagwaniyar dokar ɗazu, "ko" ta koma "kuma". Abin daɗi bakinmu ya riga ya san wannan, in muka ce bai ci ba bai sha ba, ko ba shi da tsuntsu ba shi da tarko, ai ita muke yi ba mu sani ba.

Akwai kuma "ko" mai raba gari, wadda ba ta yarda a haɗa ba kuma ba ta yarda a rasa ba. Lamba ko dai tana rabuwa biyu ba saura ko tana barin saura, babu ta uku. Korewar irin wannan fuska biyu gare ta, ko an samu duka biyun ko an rasa duka biyun.

Sai ta ukun wadda ita ce 'yan musu suka fi cutar mutane da ita, mai hana a haɗa amma tana barin a rasa duka. Abin can da ka hango ko dutse ne ko kututture, ba zai zama duka biyun ba, amma yana iya zama jaki ne a kwance. Masu mandiƙi na zaure duk ukun nan sun ba su sunaye. Cutar tana zuwa ne in aka miƙo maka ta ukun a rigar ta biyun, "ko kana tare da mu ko kana tare da maƙiyanmu", "ko ka yarda da maganata ko ka ce malam ƙarya yake". Kar ka yi gaggawar zaɓen ɗaya, fara tambaya tukuna, babu jaki a kwance a tsakani?

Magana mai "idan"

A nan zan daɗe, don nan ne har masu digiri ke tuntuɓe. Uba ya ce wa ɗansa idan ka zo na ɗaya zan saya maka keke. Abu huɗu ne kawai za su iya faruwa. Yaro ya zo na ɗaya aka sayi keke, Baba ya cika magana. Yaro ya zo na ɗaya ba a sayi keke ba, Baba ya saɓa. Yaro ya zo na bakwai ba a sayi keke ba, ba wanda zai ce Baba ya yi ƙarya. Yaro ya zo na bakwai amma Baba ya ji tausayi ya saya, nan ma bai yi ƙarya ba don bai taɓa faɗin abin da zai yi in ba a zo na ɗaya ba. Cikin huɗun guda ɗaya tal ce ke karya maganar, sharaɗi ya cika sakamako bai zo ba.

Saboda haka korewar "idan kaza, toh kaza" ba ta da "idan" a cikinta sam. Korewar ita ce "ya zo na ɗaya KUMA ba a saya masa keke ba". Mutane kan ce korewar ita ce "idan bai zo na ɗaya ba ba za a saya ba", wannan wata magana ce sabuwa fil, tana iya zama gaskiya tare da ta farkon, kuma mun ce magana da korewarta ba sa taruwa. Amfanin sanin wannan a musu babba ne. Wani ya ce idan mutum ya yi boko sai ya raina iyayensa, ba sai ka yi dogon wa'azi ba, nemo mutum ɗaya da ya yi boko kuma bai raina iyayensa ba, magana ta ƙare. Kawo labarin wanda bai yi boko ba kuma ya raina iyaye ba ya taɓa maganar ko kaɗan, ɓata yawu ne.

Sai juyin da ya halatta da wanda bai halatta ba. A ce idan an yi ruwa tsakar gida za ta jiƙe. Ka fito ka ga tsakar gida a bushe, kana da damar cewa ba a yi ruwa ba, wannan juyin lafiyayye ne, ka kore sakamako sai sharaɗi ya koru. Amma ka fito ka ga ta jiƙe ka ce lallai an yi ruwa, a'a, wataƙila ɗan garuwa ne jarkarsa ta fashe ko yara suka yi wanki. Haka in ka ce ba a yi ruwa ba don haka ba ta jiƙe ba, shi ma kuskure ne iri ɗaya. Wannan kuskuren har lafiyarmu yake taɓawa, maleriya tana kawo zazzaɓi gaskiya ne, sai mu juya mu ce duk zazzaɓi maleriya ce mu wuce kemis a haɗo mana magani ba gwaji, alhali taifot da mura mai ƙarfi da wasu cututtukan da yawa su ma da zazzaɓi suke zuwa.

Hausa tana da wata kalma da ke juya alƙiblar sharaɗi, ita ce "sai", kuma karin maganarmu cike suke da ita. Sai an sha wuya akan sha daɗi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duba ta bangon da kyau, ba ta ce duk bangon da ya tsage ƙadangare zai shiga ba, cewa ta yi in ka ga ƙadangare a ciki toh akwai tsaga. Wato "sai A sannan B" daidai take da "idan B toh A", baya ta dawo gaba. Shi ya sa wanda ya ce ai wane ya sha wuya har ya mutu bai sha daɗi ba bai ƙaryata karin maganar ba, ita ba ta yi wa kowa alkawarin daɗi ba, mai son ƙaryata ta sai ya kawo wanda ya sha daɗi ba tare da wuya ba. In Baba ya ce keke fa sai ka zo na ɗaya, a tsantsar lafazi bai yi alkawarin saye ba, ya dai rufe ƙofa ga na bakwai, duk da a al'ada yaro zai ji kamar alkawari ne kuma ni ma da ni ne zan riƙe shi a haka. In ana son a ɗaure ta gaba da baya sai a faɗi duka biyun, in ka zo na ɗaya akwai keke, in ba ka zo ba babu, wannan kuma tana karyewa ta hanya biyu, a zo na ɗaya a hana, ko a zo na bakwai a bayar.

Gwada kanka da wannan. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Ingila mai suna Peter Wason ya fito da shi a 1966. Kati huɗu ne a tebur, kowanne harafi a fuska ɗaya lamba a ɗaya fuskar, abin da kake gani shi ne E, K, 4, 7. Aka ce maka idan kati yana da wasali a fuska ɗaya, toh lambar bayansa mai rabuwa biyu ce ba saura. Waɗanne katuna ne dole ka juya don ka gane ko an karya dokar? Tsaya ka amsa kafin ka ci gaba. Amsar da mutane suka fi bayarwa ita ce E da 4, waɗanda ke dacewa wajen ɗaya cikin goma ne. Amsar E da 7 ce. Me zai karya dokar? Wasali tare da lamba mai saura. E na iya ɓoye lamba mai saura, 7 na iya ɓoye wasali, amma 4 ko me ke bayansa doka ba ta karye ba, K kuwa ba ruwan doka da shi.

Yanzu sauya masa riga. A rumfar zaɓe doka ta ce idan mutum zai jefa ƙuri'a toh ya kai shekara 18. Ga mutum huɗu, ɗaya yana kan layi da kati a hannu, ɗaya yana gefe yana sayar da ruwa, ɗaya dattijo ne mai furfura, ɗaya ɗan shekara 15 ne. Wa zaka bincika? Na kan layi ka ga shekarunsa, da yaron ka ga ko layin yake bi. Ba wanda zai je ya tsare dattijo. Tambaya ɗaya ce da ta katunan, amma da yake a nan mun san kamannin mai laifi sai ta zo da sauƙi. Toh haka zaka riƙa yi wa kowace "idan", ka zana hoton mai karya ta a ranka tukuna sannan ka fita nemansa.

"Duk", "kowa", "wasu"

Waɗannan ma dangin "da" da "ko" ne, don "duk" kamar doguwar "kuma" ce, "wani" kuma doguwar "ko". Korewar "duk 'yan kasuwa suna algus" ita ce akwai aƙalla ɗaya da ba ya yi, abin da muke cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ba ita ce "babu ɗan kasuwar da ke algus" ba, wannan kishiya ce, kuma in ka bari abokin musu ya tura ka can ka faɗi, don misali ɗaya zai kawo ya gama da kai. Korewar "wasu sun biya" kuwa ita ce babu wanda ya biya, ba "wasu ba su biya ba", don wannan tana zama lafiya lau tare da ta farkon.

Sai ka yi hattara da "kowa", tana da santsi. "Ba kowa ne ya zo ba" na nufin wasu sun zo wasu ba su zo ba, ko aƙalla dai akwai wanda bai zo ba. Amma "ban ga kowa ba" na nufin ko mutum ɗaya ban gani ba, haka "ba kowa a gidan". Kalma ɗaya, kore ɗaya, ma'ana ta yi hannun riga saboda wurin da "ba" ta zauna. In kana rubutu inda ba murya ba fuska, gara ka ce "babu ko ɗaya" ko "ba duka ba" a huta.

In magana ta yi tsawo

Kwance ta daga waje zuwa ciki kamar mai ɓare albasa. Ga irin sanarwar da ake turowa a guruf na ƙungiya, duk wanda ya biya kuɗin wata kuma ya halarci taro ko ya aiko uzuri zai shiga rabo. Mataki na farko ka tambayi mai sanarwar ina "ko" ɗin ta tsaya, shin biya dole ne sannan a zaɓi tsakanin halarta da uzuri, ko kuwa uzuri shi kaɗai ya wadatar ko ba a biya ba? Rubutun yana ɗaukar duka biyun, kuma rigimar ranar rabo daga nan take tasowa. A ce ya amsa da ta farkon. Bawon waje shi ne "duk", sai ya koma "akwai wani". Na biye shi ne "idan" da ke ɓoye a ciki, sai ta koma sharaɗi ya cika sakamako bai zo ba. Korewar kenan, akwai wani da ya biya, kuma ya halarta ko ya aiko uzuri, amma ba a sa shi a rabo ba. Wannan mutumin kaɗai ne zai iya tashi ya ce shugabanni sun saɓa sanarwa.

In kuma abin da kake so ka sani shi ne wa bai cika sharaɗi ba, sai ka kore sharaɗin shi kaɗai da dokokin ɗazu, "kuma" ta koma "ko", "ko" ta cikin ta koma "kuma". Zai zama wanda bai biya ba, ko wanda bai halarta ba kuma bai aiko uzuri ba. Amma fa sanarwar yadda aka rubuta ta ba ta ce irin wannan mutumin ba zai samu ba, shiru ta yi a kansa kamar yadda Baba ya yi shiru a kan na bakwai, don haka in ma'aji ya ga dama ya sa ƙanin matarsa da bai biya ba a cikin rabo, kuna iya jin haushi amma ba ku da inda za ku kama shi a rubutun. In kuna so ku toshe wannan ƙofar sai ku sa sakatare ya ƙara layi ɗaya tun kafin ranar, cewa rabo sai wanda ya cika waɗannan.